Nomau da Motar da Ba Ta Son a Ɗaga Ƙafa

A Kwarin Maje, gidan da ke kan tudu gabas da masallaci shi ne gidan Inna Tasalla. 'Ya'yanta maza biyu ne suka rayu. Babban shi ne Jatau, direba, mai saurin baki da saurin fushi, irin mutanen nan da in sun faɗi rabin magana suke ɗauka kowa ya ji sauran. Ƙaramin shi ne Nomau, ƙato ne mai shekara arba'in ba kaɗan, kuma har yau Inna na kiransa Auta. Nomau ba ya ƙiwa, ba ya musu. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da gari zai kama da wuta. Mutane na ce masa wawa. Ni da muka tashi darni ɗaya da su, na daɗe ina ganin rabin wautar ta masu aikensa ce.

Dukiyar gidan ita ce wata tsohuwar akori-kura mai shan fetur, wadda ta girmi duk 'ya'yan Jatau. Ta daina tashi da makulli tun shekarun baya, saboda haka a kan tudun ƙofar gida take kwana an sa mata waigi. In za a fita, a zare waigi ta gangara, Jatau ya saki kuloci ta tashi, ba a kuma kashe ta sai an dawo. Ita kaɗai ce motar da ke shiga fadamarmu, don tsakanin gonaki da kwalta akwai wani kwari mai gangare da yashi wanda direbobin birni ko an roƙe su ba sa bi. A ranin nan gida bakwai suka noma tumatir, har da gidan Inna, kuma duk ita suke jira ta kai musu kasuwar Laraba. Zafi ya shigo, tumatir ya nuna a lokaci ɗaya. Wanda ya san tumatir ya san ba ya jiran kowa. In Larabar nan ta wuce, wahalar wata huɗu ta zama ruwa.

Ana cikin haka motar ta ɓullo da sabon hali. Muddin ƙafa na kan totur tana ruri lafiya lau. Da an ɗaga ƙafa sai ta yi tari biyu ta mutu. Kanikawa na cewa mota ta ƙi silo, wato ta kasa kaɗawa a hankali ita kaɗai. Ga wata motar wannan ƙaramin ciwo ne. Amma a gangaren kwari dole direba ya cire ƙafa daga totur ya taka birki, kuma in ta mutu a cikin yashi da kwando arba'in a bayanta, ko garin duka ya taru ba zai tura ta ba. Tun daga ranar Jatau ya daina cin tuwo da daɗi.

Wata rana, Alhamis ce, saura kwana shida kasuwa, Jatau ya gangara da motar da hantsi ta tashi, ya tsaya da ita a gindin tudu ƙafarsa a kan totur. So yake ya ɗauko Cindo bakanike daga Tsaunin Gawo ya zo ya ji kukanta, ba ya kuma son wahalar sake tura ta sama. Sai ya kira ƙanensa.

"Nomau, zo ka sa ƙafarka a nan. Taka haka. Kada ka ɗaga sai na dawo."

"To, Yaya."

Jatau ya hau keke, a ransa tafiyar rabin sa'a ce. Ya tarar Cindo ya tafi jana'iza, ya zauna jira. Nan kuwa mota ta yi ta ruri a wuri ɗaya, awaki suka watse, tururi ya fara fitowa ta gefen bonet. Inna ta fito a guje gyalenta a hannu.

"Auta, sauko daga abin nan kafin ya tashi da kai!"

"Inna, Yaya ya ce kada in ɗaga."

Tsoro yake ji, amma ƙafar na inda aka ajiye ta. Inna ta rasa dabara, ta riƙa ɗebo ruwa a randa tana kwara wa motar a ka. Wajen tsakar rana mai ya ƙare, motar ta zuƙe har guggubin da ya shekara goma a gindin tanki, ta yi shiru. Da azahar Jatau ya iso da Cindo a bayan keke, suka tarar da Nomau a zaune riga sharkaf, ƙafa a kan totur.

"Ba ka ga ta mutu ba ne?" in ji Jatau.

"Na gani, Yaya. Ita ce ta daina, ni ban daina ba."

Sai da suka kama ƙafar su biyu suka ɗaga masa, don ta sandare. Cindo ya leƙa tanki, ya girgiza kai ya ce ana kukan targaɗe ga karaya, yanzu ga ciwon farko ga datti ya shiga ko'ina. Da shanun huɗa aka ja motar aka mai da ita kan tudu.

Wata rana, washegari ke nan, Juma'a, Cindo ya zo da sassafe da jakar sifanunsa. Gajere ne mai goro a kunci, ya kuma san mota, ba zan tauye masa ba. Ya kwance kafireta, wato 'yar tukunyar ƙarfen nan da ke gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. Ya baje kayan cikinta a kan farantin Inna, ya tsamo wani ɗan jan ƙarfe da bai fi ƙwayar masara ba, mai rami kamar kafar allura.

"Ga ɓarawon nan," in ji shi. "Wannan shi ne jet ɗin silo. In ya toshe, mota ba ta samun abin sha sai an taka ta."

Hannunsa duk baƙin mai ne, Jatau kuwa yana ƙarƙashin mota yana fama da tanki. Sai ya miƙa wa Nomau.

"Busa shi har sai ka ga haske ta cikinsa."

Nomau ya sa jet a leɓe ya fara busawa. Ya karkato da idanunsa ƙasa yana neman haske, bai ga komai ba sai kan hancinsa. Ya ƙara ƙarfi. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, idanunsa suka yi ja, haske dai shiru. Ya ja numfashi irin na mai hura wutar maƙera ya busa da dukan ƙarfinsa. Jet ya fita fit, ya haye farantin, ya faɗa tsakiyar kajin Inna da ke tsattsagar tsaba. Kafin Cindo ya ce wani abu, wata kaza mai wake-wake ta cafe ta haɗiye.

"Wa ya ce ka busa haka?" Cindo ya daka tsawa. "Ba sai ka cire ka duba ba?"

"Malam Cindo, cewa ka yi in busa har in gani. Ban kai ga gani ba ya tafi."

Jatau ya fito daga ƙarƙashin mota ya tambaya ko ana samun irinsa a kasuwa. Cindo ya ce irin wannan tsohuwar kafireta, in ba a wurin masu tsofaffin ƙarafa na birni ba, bai san inda za a samu ba, can ɗin ma sai an yi sa'a. Su uku suka tsaya suna kallon kazar, ita kuwa ko a jikinta, ta ci gaba da tonon ƙasa.

Wata rana, Asabar, saura kwana huɗu, Jatau ya yanke shawara a jira kaza ta mai do da abin da ta ci. Kazar ita ce mai ƙwan Inna, ba ya so ya nemi a yanka. Kowa ya tafi fadama ban-ruwa, ba wanda ke zaune sai Nomau.

"Ka ga kazar nan? Bi ta duk inda ta shiga."

"To, Yaya."

Kaza ta shiga bayan rumbu, Nomau ya shiga. Ta bi ta wata 'yar ɓula a darnin maƙwabta, Nomau ya bi ta ɓular, darni ya kwanta tun daga wannan kusurwa har waccan. Ta hau kan juji ya hau, ta sauka ya sauka. Wuni guda bai sha ko fura ba. Da yamma kaza ta gaji da wannan ƙaton da ya hana ta sakat, ta shige akurki. Nomau ya durƙusa ya tura kai, kafaɗu suka ƙi, ya yunƙura. Haka Jatau ya dawo ya same shi a tsaye da akurkin Inna a wuya, kaji na ta kuka a kan katanga.

"Ta yi kashi?" Jatau ya tambaya, don shi ne abin da ya dame shi.

"Ta yi, Yaya. Ya fi sau bakwai."

"Ka duba ciki?"

"Ba ka ce in duba ba."

"A ina ta yi?"

Nomau ya nuna gabas, ya nuna yamma, ya nuna gidan maƙwabta. Jatau ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Inna tana tsaye tana jin su. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wuƙa ta ajiye a gaban babban ɗanta, wanda ko sunansa ba ta faɗa don kunyar ɗan fari.

"Kai, tashi ka yanka. Kaza ɗaya ba ta kai abincin gida bakwai ba."

Aka yanka, aka fige, aka tsaga ƙundu. Allah da ikonsa jet na ciki, tsakuwa ta goge shi yana ta ƙyalli, rami a buɗe har kana hango hasken yamma. Jatau ya yi dariyar da ya kwana uku bai yi ba. Aka yi farfesu kowa ya sha, ban da Inna da ta ce ta ƙoshi.

Wata rana, Lahadi, Cindo ya mai da komai wurinsa, aka wanke tanki tas. Saura mai. Cindo ya ce bayan duk wannan wahala ba zai yarda a zuba mata gurɓataccen fetur ba, don masu sayarwa a bakin kwalta wasu na haɗawa da kananzir. Ku tambaye ni me ya sa aka sake aiken Nomau. Ni ma na tambaya. Amsar ita ce shi kaɗai ke iya ɗauko jarka cike a ka daga kwalta ba tare da ya huta ba, kuma mai neman mafita ba ya tuna jiya. Cindo ya koya masa gwaji.

"Ka ɗiga a kan dutse. In ya bushe nan take bai bar maiƙo ba, mai kyau ne. Kada ka kawo mana wanda ba ka gwada ba."

Nomau ya je ya sayo, ya sami wani faffaɗan dutse a hanya, ya ɗiga, ya bushe. Ya ɗauki jarka zai tafi, sai ya tsaya. Wanda ya ɗiga dai mai kyau ne, amma ai ya bushe ya tafi. Wanda ke cikin jarka kuwa bai gwada shi ba. Ya sake ɗigawa, ya bushe. Ya tsiyaya, ya bushe. Rana na dukan dutse, fetur na tashi, Nomau na murna. Bayan la'asar ya shigo gida yana kaɗa jarka da yatsa ɗaya, yana tangaɗi saboda warin mai.

"Yaya, ba mu taɓa samun mai irin wannan ba. Na gwada shi duka, ko ɗigo ɗaya bai ƙi bushewa ba."

Jatau ya ɗaga hannu, Inna ta yi gyaran murya, ya sauke. Shi da kansa ya bi gonaki yana roƙon masu injin ban-ruwa, wannan ya tsiyaya masa kwalba, wancan kwalba biyu, kowa na tambayarsa ya motar, yana sunkuyar da kai. Kafin magariba aka zuba, aka zare waigi, ta gangara ta tashi da ruri mai daɗin ji. Jatau ya yi bismilla ya ɗaga ƙafa. Ta yi tari biyu ta mutu. Jet a buɗe, tanki a wanke, mai mai kyau, ciwo kuma yana nan yadda yake. A ranar na ga tsoro a fuskar Cindo, shi da ba ya rasa abin cewa.

Wata rana, Litinin, saura kwana biyu, Cindo ya wuni da sukundireba yana juya 'yan kusoshin kafireta. In ya ɗaga ta, sai ta yi ta ihu kamar za ta fashe, giya ma ta ƙi shiga. In ya sauke kaɗan, ta mutu. Babu tsakiya. Kowane gwaji sai an kira shanu sun ja ta sama, har shanun suka fara noƙewa in sun hango ta. Ana cikin haka Jatau ya hango Baba Barmo tafe da sandarsa. Shi ne dattijon masu noman fadama, shi ke cewa a tsinka a tsinka, a dakata a dakata. Kunya ta kama Jatau, ba ya son ya kalli idon tsohon ya ce har yanzu ba ta gyaru ba.

"Nomau, je ka tare shi a hanya. Duk abin da ya tambaye ka, ka ce lafiya lau."

Nomau ya je ya durƙusa.

"Auta, ya jikin motar?" in ji Baba Barmo.

"Lafiya lau."

"Ta daina mutuwar?"

"Lafiya lau."

"To madalla. Gobe mu tsinka ke nan, jibi a loda?"

"Lafiya lau."

"Kai kuwa me ya same ka kake zufa haka?"

"Lafiya lau, Baba."

Da Jatau ne ya faɗa, da tsohon ya ƙarasa ya ji da kunnensa, don ya san direbobi da daɗin baki. Amma duk Kwarin Maje ba wanda ya taɓa kama Nomau da ƙarya. Baba Barmo ya juya yana hamdala. Nomau ya dawo idanunsa cike da ƙwalla.

"Ka faɗa masa?" in ji Jatau, kansa a cikin inji.

"Na faɗa."

Bai tambayi me aka ce ba, Nomau kuma bai ƙara ba. Sai da asubar Talata, ana fitowa daga masallaci, Jatau ya ga mata da maza sun yi layi da kwanduna sun nufi fadama. Ya bi su a guje ba takalmi. Kafin ya gama zagaya gona bakwai an tsinke fiye da rabi. Tumatir a jikin uwarsa yana iya daurewa kwana uku ko huɗu. A cikin kwando kuwa, da zafin nan, wuni da kwana ne. Wannan karon Inna ba Auta ta yi wa faɗa ba. Ta dubi babban ta ce shi ya ɗora ƙarya a bakin wanda bai iya ta ba, ya je ya ji da abin da ya jawo.

Wata rana, ita dai Talatar, da azahar Cindo ya ajiye sukundireba ya ce iliminsa ya ƙare. Abin da ya rage su ari babur su tafi birni, ko su sami wata kafireta a wurin masu tsofaffin ƙarafa, ko su sami direban da zai ji tausayi ya shigo fadama. Har sun hau babur, Cindo ya ga zanzaro na shawagi a kan inji da ɗan laka a baki, irin yadda yake yi in yana neman ramin da zai yi gini. Bakin kafireta kuwa a buɗe yake.

"Nomau, ka ga zanzaron can? Toshe duk wata kafa kafin mu dawo, kada ya sami wurin shiga."

Shi nufinsa a cusa tsumma a bakin kafireta a huta. Nomau ya ce to. Ya saro reshen aduwa, ya zauna da wuƙa ya fara fiƙe turaku, manya da ƙanana. Bakin kafireta ya sami tsumma. Salansa, bututun da hayaƙi ke fita, ta sami totuwar masara. Ramin makulli ya sami tsinke, hon ya sami tsohuwar hula. Duk inda tsatsa ta ci ƙarfe ta huda, ya auna ya fiƙe ya dunƙula. Da ya gama da na fili sai hankalinsa ya ƙi kwanciya, don zanzaro ba da idon mutum yake neman rami ba. Ya kwanta a kan inji, ya rufe ido, ya riƙa bin kowane lungu da ɗan yatsa, gaba da baya, sama da ƙasa, inda hannu ke shiga da ƙyar. Duk inda yatsa ya faɗa, turke ya bi.

Gab da magariba su Jatau suka dawo hannu biyu. Kafireta babu. Direbobi uku suka roƙa, da sun ji sunan kwarin sai su ce Allah ya kawo wani. Suka tarar da mota ta yi tsika-tsika kamar bushiya, Nomau na tsugune a gaban lagireto, ragar ƙarfen nan da ke sanyaya ruwan inji, yana duban dubban 'yan ramukanta, yana fiƙe tsinke na farko.

Jatau bai yi tsawa ba. Ya jingina da ƙofar mota, hawaye suka zubo masa, babban mutum mai 'ya'ya shida. Daga fadama iska na kawo warin tumatir da aka jera a inuwar mangwaro. Na tausaya masa ƙwarai, duk da haushinsa da nake ji kan tumatirin da ya sa aka tsinke. Nomau ya tsorata fiye da in an doke shi.

"Yaya, Malam Cindo ne ya ce duk wata kafa."

"Na sani," in ji Jatau. "Zo mu cire."

Suka bi suna zarewa su uku har suka daina ganin ko ɗaya. Jatau ya share fuska ya ce gobe zai shiga da ita haka nan, ƙafa a totur, in ta mutu a yashi ta mutu, ya fi a ce bai gwada ba. Amma yana so ya tabbatar totuwa ba ta bar komai a salansa ba. Aka zare waigi, ta gangara ta tashi. Yana isa gindin tudu wata tunkiya ta gitta da ɗanta. Bai yi shawara ba ya cire ƙafa ya taka birki. Ya runtse ido yana jiran tari biyun nan.

Tarin bai zo ba. Mota na tsaye tana kaɗawa a hankali, tif, tif, tif, ƙafar Jatau na kan birki.

Ya zare giya, ya ɗaga ƙafafunsa biyu sama yana kallonsu. Cindo ya gangaro a guje har goro ya faɗo daga bakinsa. Ya buɗe bonet, ya kara kunne, ya zura hannu bayan kafireta, can ƙasa wurin da ido ba ya kaiwa. Ya ji wani ɗan turke da suka manta. Kamar yadda aka saba da aikin Nomau, ya fizge shi. Nan take aka ji tsiii, inji ya fara karkarwa, ya yi tari ɗaya.

"Zanzaro zai shiga!" Nomau ya yi ihu. Ya warce turken ya mai da shi.

Inji ya daidaita. Cindo ya zauna a ƙasa ya yi bayani. Akwai wani ɗan bututu a bayan kafireta da ke rufe da hular roba tun daga maƙera. Robar ta tsufa ta faɗi ba wanda ya sani. Ta nan inji ke satar iska, iskar ta rinjayi ɗan man da silo ke ba shi, shi ya sa da an ɗaga ƙafa yake shaƙewa.

"Kwana biyar ina neman abin da ya toshe," in ji shi, "ashe abin da ya buɗe ne. Jatau, ko ni ko kai ba wanda ya taɓa kai hannu wurin nan."

Ya ɗaure turken da waya, ya ce kowa ya taɓa shi shi da Allah.

Laraba da asuba mota ta shiga fadama. Gona bakwai ta tsaya, Jatau na sauka yana kama kwando, ita kuma tana kaɗawa ita kaɗai. Amma ba wanda ya saki jiki, don kwari na gaba. Mutanen gida bakwai suka biyo ta a ƙafa har bakin gangare, Inna a cikinsu, Baba Barmo na jan carbi. Nomau na can sama a kan kaya yana riƙe da igiya. Jatau ya kai kan gangare ya cire ƙafa daga totur. Mota ta sunkuya da kwando arba'in, birki na kuka, ba ka jin numfashin kowa. A ƙasan duk wannan ƙara ana jin tif, tif, tif. Ta sauka cikin yashi, Jatau ya sa giya ya taka, ta yi nishi, ta jujjuya ƙugu, ta haye. Guɗar da matan nan suka saki har Tsaunin Gawo an ji ta.

Da suka hau kwalta Jatau ya tsaya, ya fito ya bar ta tana kaɗawa. Ya ɗaga kai ya dubi ƙanensa.

"Sauko ka shiga gaba."

Nomau ya sauko jiki a sanyaye, don shi bai taɓa sanin a kira shi ba sai don faɗa. Ya zauna a gefen kujera ya haɗa gwiwoyi.

"Yaya, na yi wata ɓarnar ne kuma?"

"Ka yi," in ji Jatau. "Allah ya maimaita mana irinta."

"Amin," in ji Nomau. Ya laluba aljihu ya zaro wuƙa da sauran reshen aduwa, ya fara dube-duben ramuka a gaban motar. Jatau ya kama hannun ya riƙe gam, da hannu ɗaya ya tuƙa har kasuwa.